Atamfar Ciyaman

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin naki, ya maigida da yara, ya zaman Fatakwal? Allah ya sa kowa lafiya.

Yaya, maigidana yana kulle. A taron jam'iyyarsu ana tsara manufofi, ya miƙe ya ce a rubuta cewa ba za a kama kowa don ya soki shugaba ba. Aka tafa masa. Da ya ƙara cewa takin masu noman rani a gidan ciyaman ya maƙale, sai aka tafi da shi.

Shugabar mata ta kawo mini atamfa mai hoton ciyaman, ta ce, "Amarya, ɗaura ki zo gangami ki rangaɗa guɗa, mijinki zai kwana gida." A littattafan da nake karantawa, mace watsa musu kayansu take yi a fuska. Ni kuwa na ɗaura, na yi guɗa har muryata ta dishe. Da na tuna mata alkawari, ta yi dariya ta ce saura gangamin Tofa.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Na wanke atamfar, Tofa zan je.

Ƙanwarki,
Safiya