Ambulan Ɗin da Ya Kwana Uku a Aljihuna

Zuwa ga Mai Girma Shugaban asibitin da yayana ya rasu a cikinsa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya da iyali da ma'aikata. Sunana Mamuda, tela ne ni a unguwar Ali Kazaure da ke Jos. Sau uku ina hawa benen ofishinka ana ce mini oga ya fita. Ƙafata ta gaji, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani. Na sakaya sunan asibitin, don ba tonon silili ya kawo ni ba.

Na ɗaya. Cikin daminar bana, wata Litinin, na kawo yayana Iliyasu, direban motar dankali, yana fama da tari da zazzaɓi kwana biyar. A Jos wa ke ɗaga hankali don mura? Aka gwada maleriya, babu. Likita ta tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Ranka ya daɗe, Yaya ko ƙafarsa aka yanke da sauƙi zai ce, haka aka raine mu. Duk da haka ta rubuta gwajin jinin da kuke kira CRP, ta ce in ya fito a kai mata.

Na biyu. Sakamakon bai fito ba sai la'asar, likitar ta riga ta tashi. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya sa takardar a ambulan ya liƙe, ya ce in kai mata Alhamis, ranar da za ta sake zama. Ni kuwa abin da aka liƙe da sunan wani ba na buɗewa. Na zura a aljihu, na kai Yaya gida. Talata ya sha kunu, har ya yi mini tsiya kan wandonsa da na riƙe tun ƙaramar sallah. Laraba ya wuni kwance, duk mai zuwa dubiya ya ce masa da sauƙi. Alhamis da safe a kafaɗa muka shigo da shi, numfashi sama-sama.

Na uku. Da likitar ta farke ambulan ɗin sai ta dafe kai. An zagaye lambar da jan biro. Wato wanda ya liƙe ya gani, ya kuma san ba lafiya ba! Ta yi mini bayani cewa gwajin ba ya faɗin sunan cuta, yana dai nuna yadda jiki ya rikice da kumburi daga ciki. In lambar ta yi sama haka ga mai tari da zazzaɓi, gargaɗi ne cewa ciwon na iya tsananta ko da mutum na tafiya da ƙafarsa. Ta ce da ta gani tun Litinin ba za ta bar shi ya koma gida ba. Ranar Lahadi Allah ya karɓi abinsa.

Na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Matarsa ma ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Amma ni na san da takardar nan a ƙirjina na yi salla, da ita na taka keke kwana uku ina ɗinka wa mutane kaftani. Wallahi abin nan ya hana ni sakat.

Ba diyya nake nema ba, ba kuma na so a kori kowa. Wataƙila yaron ɗakin gwajin ƙa'idarku ya bi. Ƙa'idar nake roƙo ka duba. Duk sakamakon da ya kai a zagaye shi da ja, kada a liƙe shi, a taka a kai wa likitan da ke bakin aiki, ko ba shi ya rubuta ba. Ka kuma tuna wa sababbin likitocinka cewa Bahaushe na jin nauyin cewa jiki ya yi zafi, jini kuwa ba ruwansa da kawaici.

In duk wannan ya yi yawa, to ko ɗaya a yi. Mai miƙa takarda ya buɗe baki ya ce wa ɗan rakiya, da Hausa ko da Turanci, kada ku tafi gida. Da an ce mini haka, ko a ƙasa ne da mun kwana a barandarku.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon gyarawa, ya sa kada a taɓa ba ka irin wannan ajiya a kan naka.

Wassalam.

Mamuda Tela,
Ali Kazaure, Jos.