Layin Sana'a a Katin Bulus

Zuwa ga Shugabar asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu, Abuja.

Assalamu alaikum, Hajiya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto miki ne a kan abokina Bulus, wanda muka binne mako uku da suka wuce. Shekara goma sha ɗaya muka yi a kamfanin ɗab'i ɗaya, shi a kan inji, ni ina duba kurakurai. Bayan ƙaramar sallah aka sallame mu tare.

Na ɗaya. Bulus bai faɗa wa matarsa ba. Kullum sai ya goge takalmi ya hawo mota daga Mararaba, ya wuni a tashar Jabi yana kallon matafiya, da yamma ya koma gida a yi masa sannu da aiki.

Na biyu. Da ciwon kai ya matsa masa, ni na rako shi wurinku. Mai rubuta kati ta tambayi sana'arsa. Ya ce babu. Ta dube shi da tausayi, ta rubuta "kasuwanci". Rufin asiri ta yi masa, na sani. Na leƙa littafinta, tsohon hali ba ya barin mutum, sai na ga kusan duk shafin 'yan kasuwa ne. Ashe garin nan babu mai zaman banza, sai attajirai masu ciwon kai.

Na uku. Malamin asibiti ya auna jininsa, ya ce ya hau. Ya duba kati, ya shawarce shi ya rage zirga-zirgar kasuwa, ya riƙa hutawa. Mutumin da hutu ke cinyewa. Ba a tambaye shi ko yana samun barci ba, ko zai iya sayen maganin, ko a gida an sani.

A kan bencin tasha ya faɗi. Wurin zaman makoki matarsa ta tambaye ni abin da ya hana ogansu zuwa. Na rasa inda zan sa idona.

Roƙona kaɗan ne, Hajiya. A rubuta abin da mutum ya faɗa. In ya ce babu, a ja shi gefe a tambaye shi tun yaushe, da wanda ya sani. A sa masa ranar dawowa, in bai zo ba a kira wayarsa.

Allah ya taya ki riƙo, ya saka wa ma'aikatanki da alheri.

Ranar Litinin zan zo awon jini. Ni ma ban faɗa wa iyalina ba. Zan bar musu kwafin wasiƙar nan, a nan za su karanta cewa an sallame ni.

Wassalam.

Isyaku Mamman, tsohon mai duba kurakurai.