Kawunan Famfo Huɗu na Tagulla

Litinin, 3 ga Maris

Yau kwana tara ke nan da Injiniya ya kwaso mu, ni da uwarsa, ya zuba mu a sashen baya na sabon gidansa. Ɗaki biyu, banɗaki, da ɗan kicin. Injiniya babban ɗana ne. Ni na laƙa masa sunan tun yana kwance rediyo ya kasa mayarwa, shi kuma ya ɗauka da gaske nake. Ya gina gida sukutum, bututu fal cikin bango, bai taɓa cewa Baba zo ka duba ba. Ni da na yi shekara arba'in da ɗaya ina gyaran famfo. Kamfani ya kira.

Littafin nan ragowar wanda nake rubuta awon bututu ne. Ban yi makaranta ba, a jikin kwalayen kaya na koyi baƙi. Duk wanda ya leƙa ya yi wa rubutuna dariya, Allah ya isa.

Abin da ya rage a sashenmu kawunan famfo ne guda huɗu. Biyu a banɗaki, ɗaya a kicin, ɗaya a bakin ƙofa. Na roba suka maƙala mana kafin a sayo. Na ce waɗannan dai ni zan zaɓa, ko a ji mu a titi.

Laraba, 5 ga Maris

Surukata ta zo da wayarta tana ta shafa min hotuna. Baba ka ga wannan, Baba ka ga wancan. Duk masu hannu ɗaya ne, irin wanda ake ɗagawa ruwa ya zo. Wai akwai wata 'yar ƙwayar tangaran a ciki, ba ya yoyo. Wai zai yi wa Mama sauƙi.

Na ce mata ke, kin taɓa kwana da ruwa a hammata? Ta ce a'a. Na ce to mayar da wayarki jaka.

Asabar, 8 ga Maris

Mun je shagon kayan famfo mu huɗu, kamar masu rakiyar gawa. Mai shago ya fara zuba, wannan na waje ne, wannan shekara goma. Na bar shi ya gama. Na ɗauki guda na jinjina a tafin hannu, ba nauyi, kamar kwalin ashana. Na zaro wuƙata na kankare cikin bakinsa, inda ido ba ya kaiwa. Toka-toka. Ƙarfen banza ne aka shafe da sheƙi. Na ce masa wannan damina biyu zai yi ya ruɓe ta ciki kamar haƙorin mai shan zaƙi. Mutanen shagon suka yi dariya. Injiniya ya sunkuyar da kai.

Na ce a fito min da na ƙasan kanta. Da ƙyar ya jawo wani kwali duk ƙura. Tagulla zalla, mai kan murɗawa. Na kankara, rawaya har ciki. Na ƙwanƙwasa da zobe, ya amsa. In robar ciki ta cinye, minti biyar ka canja ta. Irinsa na sa a wani asibiti ina saurayi, na ji har yau yana nan.

Ina juyowa sai na ga tsohuwar tawa a gaban na gwajin da suka jona wa ruwa, mai hannu ɗayan nan. Ta sa bayan hannu ta ɗaga, ruwa ya zubo. Ta sauke, ya tsaya. Ta sake ɗagawa. Tana ta dariya ita kaɗai, mace da jikoki. Ta ce Malam ka gani, ko yatsa ban sa ba.

Na ce ai dole, yatsun da suka koma kamar citta me za su sa? Na faɗa da ƙarfi. An yi dariya nan ma, amma ba kamar ta farko ba. Ta mayar da hannunta cikin mayafi.

Mun taho da tagulla huɗu.

Talata, 11 ga Maris

Na ɗaura su da hannuna. Farin tef zagaye bakwai, ba shida ba. Ko ɗigo. Na kira Injiniya ya gani, ya ce yana sauri.

Lahadi, 16 ga Maris

Mutanen yanzu ba su iya rufe famfo ba. Su murɗa, da ruwa ya ɗauke sai su tafi. Maigidana da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, mari yake yi a kan haka. In ruwa ya tsaya, sai ka ƙara masa kwatan murɗi, har ka ji robar ta zauna. Safe da yamma nake bi ina ƙara musu kwatan nan, duka huɗun. Ruwan tanki ba na ubana ba ne, amma ba zan ji ɗis ɗis a gidan da nake ciki ba.

Kwanonin jiya har yanzu suna kicin ba a wanke ba. Tun da ta zo gidan ɗanta ta zama sarauniya.

Alhamis, 20 ga Maris

Na kama ta. Ina dawowa daga wurin abokai na hango ta tana fitowa daga kicin ɗin surukarta da buta biyu, ta rungume su a ƙirji. Ashe can take zuwa ɗibar ruwa. Matar mai gyaran famfo, da famfo huɗu a sashenta, tana bara a ƙofar yarinyar da aka haifa jiya. Don a ce aikina bai yi ba.

Na tare ta a bakin ƙofa. Ta ce Malam da tauri ne. Na ce me ke da tauri? Ta ce kan. Na murɗa a gabanta da yatsa uku, ruwa ya zo. Na ce ga taurin nan. Lalaci ne ya yi miki tauri.

Na karɓi butocin na zubar a ƙasa. Na ce daga yau in na sake ganin ƙafarki a can da buta, ki zauna can gaba ɗaya.

Ta tsince butocin ta shige ɗaki. Shekara arba'in da shida haka take, sai ta yi shiru don a ce kai ne mugu.

Asabar, 22 ga Maris

Na ce mata tana wari. Gaskiya ce ai.

Jumma'a, 28 ga Maris

Abin da na tarar yau a kicin. Ta samo ludayin katako, ta ɗaure shi a kan famfon da tsumma, gicciye, ta yi masa hannu. Da gwiwar hannu take tura shi. Ban san kwana nawa tana yi ba, in ta ji motsina sai ta kwance ta ɓoye. Yau barci ya ɗauke ta ta manta.

Wanda bai san aiki ba zai ce dabara ce. Ni na san abin da ludayi yake yi wa sandar ciki, danna ta gefe yake yi har ta lanƙwashe, shi ke nan famfon shekara hamsin ya mutu a wata uku. Na karya shi biyu a gwiwata na ajiye mata a kan filo.

Surukata ta zo har ƙofa, wai Baba don Allah a bari a canja ko guda ɗaya ne, na banɗaki kawai. Na ce in na mutu ku canja. Ta ce Baba hannunta ne fa. Na ce hannun nan na san shi tun ba a san za a haife ki ba.

Da yamma na bi su duka na ƙara kwata. Na kicin na ƙara masa rabi, saboda ludayin ya sassauta shi.

Talata, 1 ga Afrilu

Asibiti.

Laraba, 2 ga Afrilu

Jiya na fita da safe wurin wanzami, ban daɗe ba. Ashe ina fita ta ɗauki bokiti ta zagaya bayan gida wurin tanki, tunda na hana ta zuwa sashen gaba. Ta ciko shi, ta sagala a damtse. A kan tayil ɗin ƙofar banɗaki ruwan ya zube, ta bi shi. Ƙashin ƙugu. Surukata ce ta ji ta, wai ta fi rabin awa a kwance ba ta kira kowa ba.

Tayil ɗin nan tun ranar farko na ce yana da santsi. Ba wanda ya saurare ni. Kamfani.

Wata ma'aikaciyar asibiti ta fito tana tambaya wane ne mijinta. Na ce ga ni. Ta ce Baba matar nan jikinta ba ruwa, ta bushe, ba ku da ruwa a gida ne? A gaban mutane. Na buɗe baki, surukata ta riga ni, ta ce akwai. Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ma zagina ta yi.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi mata aiki. Na zauna a bencin waje tun safe. Injiniya ya fito, ya tsaya a kaina, bai zauna ba. Ya ce Baba ka je gida ka huta. Na ce ina nan. Ya ce kada ka damu, na duba kafin in fito, famfunanka duk lafiyarsu ƙalau, ko ƙwarzane babu.

Ɗan da na goya a wuya. Da kuɗin yashe magudanar mutane ya yi karatun da yake min magana da shi.

Auta ta iso daga garin mijinta. Ta gaishe ni a tsaye, kamar mai karɓar haraji. Da aka bar ni na shiga, tsohuwa ta juya fuska bango. Maganin barci ne bai sake ta ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

An sallame ta. Ba nan aka kawo ta ba. Auta ta tafi da ita, wai can ya fi kusa da masu gashin ƙashi. Ba wanda ya tambaye ni. Sun zo sun kwashe kayanta ina zaune, har da tsohon bargon da muke rabawa. Auta ta ga karyayyen ludayin a ƙarƙashin katifa, ashe tsohuwa ajiyewa ta yi. Ta ɗaga shi ta dube ni, ta jefa a jakarta.

Yanzu abinci daga sashen gaba ake aiko min a rufe. A ajiye a ƙofa a ƙwanƙwasa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Shiru gidan. Ba ɗigo ko ɗaya.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Zaman banza ne ya sa. Na naɗe yatsuna da farin tef, duka huɗun a haɗe, na lanƙwasa su na ɗaure, hannu biyu. Na je wurin famfon banɗaki, wanda na rufe da kaina da safe. Na gwada da tafi. Na gwada da wuyan hannu. Na haɗa hannu biyu na danna har fatar ta saɓule. Na sa haƙori.

Tef ɗin ne ke da santsi. Ba daidai ba ne da hannu.

Na daɗe a zaune a bakin bahon.

Laraba, 23 ga Afrilu

Na koma shagon nan ni kaɗai. Mai shago ya gan ni ya fara murmushi, Baba an dawo kankara? Na ce rufe min baki, fito min da masu hannu ɗaya duk da kake da su. Na kankare tara. Na goma rawaya ne har ciki, da nauyinsa. Ashe akwai na tagulla a cikinsu. Wa ya gaya min? Ita surukar tawa hoto kawai ta nuna min, hoto kuwa ba ya kankaruwa.

Na sa ya kwance shi na ga ƙwayar. Ba laifi. Ban ce ta yi ba, na ce ba laifi.

Biyu na ɗauko. Na biyo ta ƙofar baya.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na cire ɗaya na banɗaki da na kicin na sa sababbin. Dama na lura bakin tsofaffin bai zauna daidai ba.

Na kira Auta. Sai a kira na uku ta ɗauka. Na ce ki gaya wa uwarki an canja. Ta ce me aka canja? Na ce ita ta sani. Ta ce Baba, likita ya ce Mama ba za ta ƙara tsayawa da ƙafarta ba, keke aka saya mata jiya. Wa zai tsaya a gaban famfon naka?

Na ce ba ni ita. Na ji tana cewa Mama, Baba ne. Na ji motsin zani. Auta ta dawo ta ce ta yi barci. Da hantsi.

Na ɗauko kujerar roba na ajiye a gaban kwamin wanke hannu na zauna. Na miƙa hannu daga zaune. Bai kai ba, saura kusan taƙi guda, ni ma da nake da tsawo.

Gobe zan fasa bango in sauko da bututun da kwamin ƙasa. Ƙofar ma ta yi wa keke kaɗan, na auna. Ba ta ce za ta dawo ba, ni ma ban tambaya ba. Kamfanin ne dama suka kafa kwamin da tsayi.