Kakata Tana Saman Bene Tun da Kuka Sallame Ta

Zuwa ga Shugaban asibitin da aka kwantar da kakata,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Ni 'yar aji biyar ce a wata sakandare a Samaru, ban taɓa rubuta wa babba wasiƙa ba sai a jarrabawa.

Kakata ta wajen uwa ta zame a wurin alwala bayan Babbar Sallah, ƙashin ƙugunta ya karye. Kun yi mata aiki, mun gode. Ranar sallama aka ba ta magani da sandar dogarawa mai ƙafa huɗu, aka ce mu kai ta gida ta riƙa tattaki kullum. Babu wanda ya tambaya wane gida.

1. Gidanta na Chikaji masai na tsuguno ne da shi, ita kuwa kun hana ta tsuguno.

2. Gidanmu a ƙasa yake, ga tsakar gida mai siminti, ga banɗakin zama. Babana da kansa ya sa aka gyara mata ɗaki. Kaka ta ce ba za ta kwana a gidan suruki ba, balle ya ga ana fitar mata da fo. Umma ta yi kuka, Kaka ba ta sauya ba.

3. Don haka aka kai ta wurin Kawu, ɗanta, mai haya a bene kusa da unguwar PZ. Matakala goma sha bakwai ne, na ƙirga. A kan kujera maza biyu suka hau da ita. Wata biyu ke nan ba ta taka ƙasa ba, kuma sau biyu ranar gashin ƙashinta tana wucewa. Sandar nan yanzu kallabi take shanyawa a kai.

Ina roƙon abu biyu. Kafin a sallami tsoho, a tambayi 'yan'uwansa yadda gidan yake. Sannan a sa likitan da ya yi wa Kaka aiki ya faɗa mata da bakinsa cewa a gida na ƙasa irin namu za ta zauna. Mu ba ta jin tamu, amma maganar likita ko lokacin shan ƙwaya ba ta tsallakewa. In umarninsa ne, ta sami abin da za ta faɗa wa mutane, kunyar ta sauka daga kanta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka tsufa mai kyau. In ka yarda, zan sake rubutowa ranar da ta sauko.

Wassalam.
Jikarta, daga Samaru