Ku Ce wa Innata Ta Karɓi Famfonta

Zuwa ga Mai Girma Darektan gidan rediyon da muke kamawa a karkararmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gajiya, ina aiki, ina iyali? Allah Ya ƙara lafiya.

Sunana Isuhu, mai gyaran moto, wato babur, ne ni a bakin tashar Gazawa. Hannuna ya fi sabawa da baƙin mai a kan alƙalami, amma na zo buronku, wato ofishinku, aka ce kun yi tafiya, na sake dawowa aka ce kuna taro. Shi ya sa na rubuto a fili, kowa ya karanta. Magana ce a kan numfashin uwar da ta haife ni.

Na ɗaya. Inna Hajo tana zaune a ƙauyenmu, kuma ta daɗe da ciwon fuka, wanda a likita suke ce wa asma. Hayaƙi na tayar mata da shi, haka ma ƙaiƙayin gero lokacin sussuka da shiƙa. Majo, babban malamin jinya na asibitin da muke kira likita, ya ba ta ɗan abin feshin nan na baki da muke kira famfo. Ya ce ta guji hayaƙi, ta daina zama inda ake shiƙa. Zuma da citta da ruwan ɗumin da take sha kuwa, ya ce ta ci gaba da abinta, ba su hana komai. Da haka muka samu shekaru na sauƙi. Ni ba maƙiyin maganin gargajiya ba ne, Mai Girma. Da sassaƙe da saiwa aka raine ni.

Na biyu. A farkon daminar bana kuka fara sanya tallar wani mai magani da ke bin kasuwanni. Ya ce yana raba mutum da fuka har abada. Wai a zuba garinsa a kan garwashi, a lulluɓa da bargo, a shaƙa. Ya ce famfon likita yana cinye zuciya, duk mai son warkewa sai ya jefar da shi tukuna. Haba! Mai fuka za a rufe da bargo a tura masa hayaƙi?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ba da bakinsa yake faɗa ba. Mai karanta sanarwarku ne ke karantawa, a cikin shirin sanarwa na bayan la'asar, tsakanin sanarwar rasuwa da cigiyar awakin da suka ɓata. Ba kiɗa, ba wata kalma da ke nuna an shiga talla. Kun san mutanenmu. Inna ba ta yi lakol ba, ba ta san boko ba. Wannan muryar ce ke gaya mata an ga wata, ita ke gaya mata ranar rigakafi, ita ce kuma ta sanar da rasuwar mahaifinmu, har ta yi masa addu'a. A wajen Inna muryar da ta yi wa mijinta addu'a ba ta ƙarya. Wannan amanar kuka ara wa ɗan kasuwa.

Na uku. Inna ta aika aka sayo mata garin ranar kasuwa, ba da sanina ba. Famfon kuma ta jefa shi cikin salga da hannunta, yadda rediyo ta ce. Rannan da hantsi kowa na gona, ta shiga ɗaki da kaskon wuta ta ja bargo. Allah Ya sa Rabi, matar ƙanena, ta dawo ɗaukar fura. Ta ga hayaƙi na fita ta ƙofa, ta yaye bargon, ta tarar da Inna a kife, leɓunanta sun yi baƙi, ƙirjinta na kuka kamar ƙofar langa-langa. An yi ruwa, hanya ta cika, mota ba ta shiga. A amalanke aka ɗauko ta. Na tarye su a rabin hanya, na goya ta a moto, Rabi na riƙe da ita ta baya. Wallahi duk tsawon hanyar ban san ko mai rai nake ɗauke da ita ba. Majo ya yi ta fama har Allah Ya maido mata da numfashi. Da ya ji abin da aka yi, sai ya riƙe kai.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Kuna tsammani Inna ta daddara? Ina! An kira mata mai maganin a waya, ya ce ai shaƙewar nan ciwon ne yake fita, wai Rabi ce ta ɓata aikin da ta yaye bargon da wuri, sai an sake. Yanzu Inna ba ta ko amsa gaisuwar yarinyar da ta cece ta. Na sayo sabon famfo, ta ƙi ko taɓa shi. Na durƙusa na roƙa. Na ɗauko limaminmu ya yi mata nasiha. Na ƙwace sauran garin na watsar, ta ce na zama mai saɓa wa uwa, kuma wannan kalmar ta yi mini ciwo ƙwarai. Hujjarta guda ce: in da maganin na kisa ne, da rediyo ta daina faɗa. Ku kuma kullum bayan la'asar kuna faɗa.

Wani ma'aikacinku ya ce mini a bakin ƙofa wai talla ce, ba maganarku ba ce. To maganar wa ce? Ƙauye ya san mai maganin? Muryarku ya sani. Na san gidan rediyo na bukatar abin biyan wuta da ma'aikata, ban ce ku yi aiki kyauta ba. Amma da an kawo muku tallar maganin da za a ba mahaifiyarku, da kun tambayi lokotoro, masanin magani na asibiti, kafin ku karanta.

Ga abin da nake roƙo. Ku tsayar da wannan talla. Duk tallar magani da za ku yi nan gaba, ku ce talla ce, mai abin ya faɗa da bakinsa. Ku gayyato majo ya yi bayani a kan fuka, abin da zuma ke iyawa da abin da ba ta iyawa. Babban roƙona kuma, mai sanarwar nan da kansa, a daidai lokacin nan na bayan la'asar, ya ce kada mai fuka ya shaƙi hayaƙi, kada ya yar da famfonsa. Ba sai ya ambaci sunanta ba. Za ta ji.

Mai Girma, gero ya nuna. An fara yanka a gonakin da suka yi shukar fari, kwana kaɗan turame za su fara kuka a kowane gida, ƙaiƙayi ya cika gari. Lokacin ne ciwon Inna ya fi tashi, kuma bana za ta shige shi hannu wofi. Famfon yana aljihuna yanzu haka da nake rubutu. Ni ɗanta ne, na kasa sa ta karɓa. Ku kuna iyawa da magana guda.

Allah Ya kare ku da iyayenku daga ciwon da ke hana numfashi. Allah Ya sa sanarwar da za ku yi a kan Inna Hajo ta zama wadda na roƙa, ba ta rasuwa ba.

Wassalam.

Isuhu mai gyaran moto,
Gazawa.