Kayan Magani Ba Za Su Sake Hawa Motar Kawu Ba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya zaman Legas, ya kasuwa? Mu nan Kibiya lafiya lau, damina ta zauna, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Na san Kawu Bala ya kai maka ƙarata, wai na wulaƙanta motarsa da na sa ka ɗoro kayan ɗakin shan maganinmu a jirgin ƙasa. To, ka ji ta bakina. Bara da ya ɗauko mana kaya a motar, ya danne kwalayen ruwan da muke ƙara wa marasa lafiya da buhunan siminti. Da amai da gudawa ya ɓarke a ƙauyen Kahu har ya iso nan Kibiya, na buɗe kwali na tarar ledojin duk sun fashe. Ina tsaye ɗan Talatu maƙwabciyarmu ya cika a cinyar uwarsa, ba ni da abin ɗaura masa.

Gaskiya jirgin ya yi nawa, har direbobi suna min dariya wai sai kaka zai iso. Amma da na je tashar Kano na kwaso kayan, ko leda ɗaya ba ta tsage ba.

Yanzu Kawu ba ya amsa gaisuwata. Ya ce wa Inna na fifita baƙin ƙarfe a kan dangi. Zan ci gaba da durƙusa masa kowace safiya, amma ko kwali ɗaya ba zai sake hawa motarsa ba.

Ka gaida kowa, ku sa mu a addu'a. Kada ka ce in ba shi haƙuri, Yaya. Talatu wa ya ba ta?

Ƙanwarka,
Hadiza