Ingilishin Rumfar Aya

Gazawa, 9 ga Janairu 1993

Zuwa ga Madam Adama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Gidan Rumji lafiya, kin iske mutanen gida lafiya. Ni ce Hamdiya Dalhatu ta aji huɗu, mai zama a bencin baya.

Tun da malamai suka shiga yajin aiki lakol a rufe yake, ba karatu. Ina yin aikin da kika bar mana, na zaɓen kalmar Ingilishi ɗaya mu bi ma'anoninta. Na zaɓi "take" don na ga gajera ce. A ƙamus ɗin da kika ara mini ta ci shafi biyu da rabi. Da ita ake ɗaukar kaya, da ita ake shan shayi da magani, da ita ake shiga mota. Na kwafi goma sha ɗaya sai na rikice. Don Allah wacce ce ma'anarta ta gaskiya, wadda za a tambaya a jarrabawar ƙarshe?

Labo direba zai kawo miki wannan. Ki gafarce ni in na dame ki.

Ɗalibarki,
Hamdiya

Gidan Rumji, 20 ga Janairu

Hamdiya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Dukansu na gaskiya ne. Rufe ƙamus ɗin. Shekara uku ina karantar da ke, muryarki ba ta taɓa wuce benci biyu ba, kuma jarrabawar akwai ta baka. Ba aya mahaifinki yake sayarwa ba? 'Yan kudancin Najeriya suna zuwa saye. Je ki rumfarsa ranar kasuwa ki saurara, ki rubuta abin da kika ji.

Ki gaishe da Innarki.
Adama

Gazawa, 16 ga Fabrairu

Madam,

Gaisuwa da fatan alheri. Na bi umarninki. Na fara da kai wa Baba fura, in zauna bayan buhuna. Ni ce 'yar farinsa, kin san al'ada, ba ya kiran sunana, in yana son in yi abu Inna yake gaya wa.

Mako biyu da suka wuce dillalin da ke yi masa tafinta ya tafi taron jam'iyya. Wani ɗan kudu ya zo, shi da Baba suna ta nune-nune da hannu. Na ji kalmar nan sau uku a bakinsa: zai ɗauki buhu ashirin, motarsa za ta yi kwana biyu kafin ta iso, kuma ba ya karɓar aya mai tsakuwa. Ban san lokacin da na faɗa da Hausa ba. Ciniki ya faɗa.

Baba Tala na rumfar kusa ya ce, "Dalhatu, ashe rediyo ka haifa ka ɓoye a ɗaki?"

Baba ya ce, "Kai dai auna wakenka."

Tun daga ranar kowace kasuwa ina can. Ma'anoni sun kai ashirin da shida. Sai dai jiya Inna ta ce Baba ya ce ko an buɗe lakol in zauna a rumfa, wai lakol ɗin da ke buɗe wata ɗaya ya rufe uku ba wurin zuwa ba ne. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗin zaman. Ban taɓa yini kusa da shi haka ba. Amma ina son in yi jarrabawar.

Ki huta lafiya.
Hamdiya

Gidan Rumji, 2 ga Maris

Hamdiya,

Ina gaishe ki. Rabin laifin nawa ne. An ce za a buɗe in an gama zaɓe, kuma wanda bai zo makon farko ba darakta zai cire sunansa daga masu jarrabawa. Ba zan rubuta wa mahaifinki ba, don abin da ya faɗa game da lakol ba ƙarya ba ne. Amma ki lura, ba ke ce rumfar take buƙata ba, magana talatin take buƙata. Ki yi tunani.

Allah ya yi jagora.
Adama

Gazawa, 21 ga Maris

Madam,

Barka da war haka. Na yi tunanin. Baba ba ya karanta boko, amma yana karanta ajami. Na zaɓi maganganu talatin da aka fi yi a rumfa, na rubuta Ingilishinsu da baƙaƙen ajami yadda ake furtawa, na sa Hausarsu a ƙasa. Wasu sautukan sun ƙi zama, na yi yadda na iya. Ban iya miƙa masa takardar ba. Na ba Inna, ta sa a kan faifan tuwonsa.

Kwana huɗu suka wuce. Shekaranjiya da hantsi na je ɗiban gero, na ji shi a bayan rumbu yana maimaitawa a hankali, kamar mai tilawa. Yana kuskure a layi na bakwai. Na tsaya, na kasa gyara masa, na koma. Har yanzu bai janye maganarsa ba.

Ki sa ni a addu'a.
Hamdiya

Gazawa, 6 ga Afrilu

Madam,

Ina gaisuwa. An buɗe lakol jiya. Da safe Baba ya fito, na naɗe tabarmar rumfa zan bi shi. Ya dubi Inna ya ce, "Gaya wa yarinyar nan yau hanyarmu ba ɗaya ba ce." Ya karɓi tabarmar ya saɓa a kafaɗa ya fita.

Mu tara ne a aji. Darakta ya kira sunana na amsa. Lokacin darasinki muka zauna ba malami har aka buga ƙararrawa. Ana cewa wasu malaman ba za su dawo ba. Yaushe za ki iso?

Ɗalibarki,
Hamdiya